Shafi 46 na rubuta, mai fura ta ƙwace min wasa

Sadiq Gangare:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau kuka na kawo, waɗanda suka daɗe suna jan wasa su taimaka min.

Wata huɗu cur na yi ina gina duniyar da za mu yi wasa a cikinta, irin wasan tebur ɗin nan da mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya zama jarumi a cikinsa, don na gaji da dodannin Turawa da sunayen da harshe ke karyewa kafin a furta su. Na sa mata suna Ƙasar Hazo. Masarautu bakwai ne, na ɗauko tsarin daga labarin Hausa Bakwai inda aka ce an raba wa 'ya'yan Bawo aiki: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Sunaye kawai na canza. Na rubuta jerin sarakuna 31 da shekarun mulkin kowa, da manyan yaƙe-yaƙe uku. Shafi 46 da hannuna. Taswira kuwa sai da na haɗa kwali biyu da salatif.

Ran Asabar bayan la'asar muka zauna a zauren gidanmu, su huɗu da ni. Na fara karanto musu tarihi, ban yi minti goma ba na hango Haruna yana latsa waya a bayan filo. Na daure na gama. Da suka iso ƙofar birni sai bakina ya suɓuce na ce akwai wata tsohuwa mai ido ɗaya tana dama fura a gindin ganuwa. Wallahi don ado na faɗa, ko suna ban ba ta ba. Shi ke nan fa. Me ya sami idonta? Me ya sa dogarai ba sa korar ta daga bakin ƙofa? Wa take jira? Awa biyu suna kanta. Galadima na can fada yana jiransu da aikin da na shirya, har aka kira magariba ba su taka fada ba.

Yaya ake sa mutane su damu da duniyar da ka sha wahala a kanta?

Anti Bilki (Kubwa):
Sadiq ƙanena ka ba ni dariya a cikin mota har na kusa wuce inda zan sauka. Abin da kake kuka a kai, wani madugun, wato mai jan wasa, da kuɗi yake nemansa bai samu ba. Mutum huɗu sun yi awa biyu suna yi maka tambaya a kan abin da ka ƙirƙira, kana cewa ba su damu ba?

Bari in gaya maka yadda su kansu masu abin suka fara. Dungeons & Dragons ya fito a 1974, aikin Gary Gygax da Dave Arneson a Amurka. Duniyar Arneson, Blackmoor, da gidan sarauta ɗaya ta fara, da ɗan gari a gefensa, da ramuka a ƙarƙashi. Ta Gygax ma, Greyhawk, haka: gida ɗaya, kurkukun ƙarƙashin ƙasa, sai birni a kusa inda 'yan wasa ke sayar da abin da suka kwaso. Babbar taswirar Greyhawk sai 1980 aka buga ta, bayan an yi shekaru ana wasa. Wato ƙafar 'yan wasa ce ta riƙa faɗaɗa ƙasar. Kai kuma ka gina rufi kafin ka haƙa tushe.

Ni shekara shida ina jan wasa, abin da nake shiga zama da shi bai wuce takarda ɗaya ba: gari ɗaya, mutum biyar masu suna, kowa da abin da yake so da abin da yake ɓoyewa. Shafi 46 ɗinka kar ka yar, amma kar ka sake karanta wa kowa. Ka ɗauki yaƙi ɗaya cikin ukun nan ka ce a nan tsohuwar ta rasa ido. Za ka ga su da kansu suna roƙonka tarihin.

Haruna Dilimi:
Tunda an kira sunana bari in kare kaina. Oga Sadiq, ba raini ba ne. Sarki na sha tara ya gaji sarki na sha takwas, to ni ina ruwana, ba zan haɗu da ko ɗaya ba, duk sun mutu. Amma tsohuwar nan da na miƙa mata wuri biyar ta ƙi karɓa, ka ce ta kalli takobina ta kau da kai. Har na kwanta ina tunanin me ta sani game da takobin.

Sadiq Gangare:
Ba ta san komai ba malam, a take na ƙirƙira don ku tashi daga wurin!

Anti Bilki (Kubwa):
To yanzu ta sani. Je ka rubuta.

Malam Nura Bauchi Road:
Ina tare da Hajiya Bilki, sai dai zan ƙara da abin da na gani a aji, tunda tarihi nake koyarwa. Ka tambayi yaro jerin sarakunan Kano daga Bagauda a 999, zai tsaya a na biyu. Amma ka ce Barbushe da Tsumburbura a kan Dala, ko Muhammadu Rumfa da kasuwar Kurmi, nan take ido zai buɗe. Ana riƙe sarki ne in ya bar abin da ake iya taɓawa.

Kuma abin da ya fi raya ƙasa a wasa shi ne hanya da kuɗi. Dubi fataken goro da ke zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu. Tafiyar watanni ce. Ayari yana da madugu, wanda daga gare shi muka ari sunan mai jan wasa a zauren nan, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da masauki, yana da uban dawaki. Ana sauka a zango, ana biyan fito a bakin kogi, ana ba sarakunan hanya gaisuwa don a wuce lafiya. Kuɗin wuri ne, kuma wuri 20,000 shi ne keso ɗaya, kaya guda na ɗan dako. Ka tsaya a nan ka yi tunani: in 'yan wasanka suka ci ganimar wuri dubu ɗari, keso biyar ke nan. Wa zai ɗauka? Jakai nawa? Wa zai gan su a hanya? Ga wasan zama biyu ka samu ba tare da dodo ko ɗaya ba.

Saboda haka ka amsa wa kanka: wa ke karɓar kuɗi a ƙofar birnin, aljihun wa suke shiga, yaushe ake rufe ƙofa, wanda dare ya yi masa a waje ina yake kwana. Sarautun ma ka sauko da su ƙasa. Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Kasuwa sun fi Galadima amfani ga baƙon da ya shigo gari da yunwa da karyayyen mashi.

Ummi Zane:
Yaya Sadiq turo hoton taswirar mu gani mana.

Sadiq Gangare:
Na tura. Arewa hamada ce da ayarin gishiri, kamar masu zuwa Bilma. Tsakiya masarautun bakwai. Kudu inda na yi duhu da fensir Duwatsun Hazo ne, can ne Mutanen Dutse suke, su ne abokan gaba. Ba su da sarki, suna saukowa su kai hari su koma.

Gyang Bukuru:
Sadiq abokina, na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma wannan zan yi magana. Ka duba taswirarka da kyau. Birane masu ganuwa a arewa, masarauta ɗaya aikinta kamo bayi daga kudu, sai duwatsu masu sanyi da hazo inda wasu marasa sarki suke zaune, su ne mugaye. Mutanen Dutsen nan su wane ne? Ni Berom ne, daga kan dutsen nake rubuto maka.

Ban ce da gangan ka yi ba. Amma labarin da kakata ta ba ni, masu lifidi da sulke ba su ne jarumai a ciki ba. Su ne waɗanda in an hango ƙurarsu ake kwashe yara a hau dutse. Shi ya sa ƙauyukanmu na da suke kewaye da shingen ƙyarana, hanyar shiga a murɗe, doki mai kaya ba ya iya juyawa a ciki. Mutanenmu kuma suna da nasu ƙananan dawakai da suke hawa ba sirdi. Mayaƙan Bauchi sun yi ta gwadawa a ƙarni na 19, saman tudun nan bai shiga hannunsu ba har Turawa suka zo.

A Kano ko Legas wataƙila a yi wannan wasa ba wanda zai ji komai. A Jos muke. Duk wanda ya kai shekara talatin a zauren nan ya san inda yake lokacin rikicin Jos na watan Satumba 2001, ya san na 2008 da 2010. Ba zan zauna a tebur ina jefa dayis, ƙwayar nan mai lambobi irin ta ludo, don in kashe Mutanen Dutse in samu maki ba.

Sadiq Gangare:
Haba Gyang, wasa ne fa. Na ba su ƙaho da jajayen idanu, ba mutane ba ne ma. A wasan Turawan ma ai akwai irin waɗannan halittu da ake yaƙa.

Gyang Bukuru:
Ƙahon ne ya ƙara ɓata abin. Ka ajiye su daidai inda muke a taswira, sannan ka ce ba mutane ba ne.

Haruna Dilimi:
Gaskiya Gyang kana kai abin nesa. Yaron nan ko kaza bai iya yankawa.

Baban Ilham (mai kula da zaure):
Kowa ya sassauta. Haruna, ba a ce Sadiq mugu ba ne, taswira ake magana a kai. Dokar zaure tana nan: ba siyasa, ba gorin ƙabila. Abin da Gyang ya kawo gyaran wasa ne, a amsa shi a haka.

Anti Bilki (Kubwa):
Sadiq, ajiye kare kai ka saurara, don gyaran nan riba ce gare ka. Abokin gaba mai ƙaho wanda aka haife shi mugu, abu ɗaya ake yi da shi, a sare shi. Zama uku an gaji. Amma mutanen da ke da dalilin rufe hanyarsu, ana iya ciniki da su, a yi musu alkawari a karya, a auri 'yarsu, a nemi mafaka wurinsu ranar da Galadima ya juya maka baya. Su kansu kamfanin da ke buga Dungeons & Dragons a 'yan shekarun nan sun janye daga cewa wata al'umma gaba ɗayanta mugaye ne tun haihuwa.

Ni a teburina a nan Abuja akwai Bagwariya, akwai Bafulatani, akwai ɗan Igala. Dokata ɗaya: ba al'ummar da za a nuna a ce ga su wane. In na ari tufafi a nan, sai in ari sana'a a can, sarauta a wani wuri, in gauraya har mai abin ba zai gane nasa shi kaɗai ba.

Sadiq Gangare:
Na sake kallon kwalin. Gyang ka yi haƙuri, wallahi ban gani ba sai da ka faɗa, yanzu kuma na kasa daina gani. To in na cire su, wa za a yaƙa?

Gyang Bukuru:
Ba komai, ya wuce. Kar ka cire su, ka ba su suna da sarakunansu da bukukuwansu, su yi noman acca, su san hanyoyin da ayari bai sani ba. Ka bar ɗan wasa ya iya fitowa daga cikinsu. In abin tsoro kake nema, ai muna zaune a kansa. Zo Bukuru ko Rayfield ko hanyar Barikin Ladi ka ga kududdufan kuza. Ruwa shiru, kore, ba ka ganin ƙasansa, gefensa jar ƙasa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Duk uwa a unguwarmu ta hana ɗanta zuwa wurin. Kamfanonin Turawa ne suka haƙa suka tafi suka bar mana. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, dole aka riƙa yi wa mutane daga lardunan Arewa ana kawo su haƙa, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Kakannin wasunku ta haka suka zo, kakannin wasunmu gonakinsu aka haƙe. Wannan ramin ya ci kowa.

Ummi Zane:
Tsigar jikina ta tashi. Kuma ku tuna a wajen haƙar kuza aka fara tono gumakan Nok a 1928, can kudancin Kaduna. Akwai kan da aka ce wani ma'aikaci ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Ku je ku tsaya gaban ɗaya ku kalli idon, kusurwa uku da rami a tsakiya, duk inda ka matsa kamar yana bin ka. Yaya Sadiq ga labarinka: masu haƙa sun yi zurfi sun tono kan yumɓu, tun ranar ruwa ke tasowa a ramin, kuma duk wanda ya kwana kusa yana tashi da mafarki iri ɗaya.

Taswira kuma in ka yarda ni zan sake zana maka, amma ta tafiyar kwana uku kawai daga ƙofar birnin. Sauran a bar shi fari. A bayan gidan tarihin akwai inda aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya, can zan je in zauna in zana ƙofar mai furar.

Kabiru Rikkos:
Ni nawa biyu ne, kuma ba don in ɓata wa kowa ba. Na farko, Sadiq ya taɓa nuna min littafin, na ga ya sa Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna a matsayin waɗanda jarumai ke neman taimakonsu, har da birnin Jangare. Waɗannan sunayen bori ne kai tsaye. Ni ba zan zauna inda ake kiran su ba ko da wasa. Na biyu dayis. Akwai hadisi a Muslim mai tsanani a kan nardi, wani tsohon wasa da ake yi da dayis, kuma malamai da yawa sun ce hukuncin ya hau wasan dayis ko ba a sa kuɗi ba. Na san akwai masu bambantawa, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba.

Anti Bilki (Kubwa):
Malam Kabiru, ta farkon na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari, har da ƙarin dalili. Wanda ya ɗauki bori haram zai tashi daga tebur, wanda kuma gidansu ake yi ba zai so a mai da abin wasan yara ba. Ga Hajiya a bayan labule tana jin ɗanta yana kiran Sarkin Rafi a zaure, ranar wasan ya ƙare. Ka ƙirƙiri naka. Tatsuniya ta ishe mu: Dodo, Gizo da Ƙoƙi, Ɓotorami, kogin da ke neman a ba shi abu kafin a haye.

Abin da na fi so a labaranmu shi ne asiri ba ya zuwa kyauta, kullum da sharaɗi. Layar zana za ta ɓoye ka, amma in ka yi magana ta karye. Maganin ƙarfe irin na 'yan tauri zai hana wuƙa kama ka, amma akwai abin da ba za ka ƙara ci ba har abada. Ka rubuta sharaɗin a takardar jarumi, sannan ka sa a gayyace shi walimar da abin nan ne kaɗai a akushi, sarki kuma yana kallo.

Ta biyun ba fagena ba ne, kowa ya tambayi malaminsa.

Abba Lissafi:
Ta biyun tana da mafita ta lissafi. Aikin dayis a wasan nan fitar da lamba ne kawai. Yanka takardu ashirin, rubuta 1 zuwa 20, zuba a hula, a zara. Daidai yake da dayis mai fuska ashirin, kowace lamba kashi 5 cikin ɗari, muddin ana mayar da takardar a girgiza kafin a sake zara. In ba a mayar ba lissafin ya lalace.

Waɗanda kuma dayis bai dame su ba amma sun rasa saitin dayis na wasan mai guda bakwai, don ni sai da na yi oda daga Legas, ku sayi na ludo biyu a kasuwar Terminus. Akwai tsarin da wasan Apocalypse World ya fito da shi a 2010: jefa biyu ka haɗa. 10 zuwa sama ka yi nasara, 7 zuwa 9 ka samu amma da hasara, 6 zuwa ƙasa madugu ya yi yadda ya so da kai. Cikin hanyoyi 36 da za su iya faɗuwa, 6 ne nasara tsantsa, 15 nasara da hasara, 15 faɗuwa, kafin a ƙara makin jarumi. Wannan na tsakiyar shi ya dace da asiri mai sharaɗi da Anti ta faɗa.

Ummi Zane:
Me zai hana a yi da wuri? Ya fi kama da duniyar.

Malam Nura Bauchi Road:
Ummi, kin gudu daga ruwa kin faɗa kogi. Da wuri aka san caca tun asali a ƙasar Hausa, da shi kuma masu duba ke aiki. Malam Kabiru zai fita ta taga.

Kabiru Rikkos:
Har da takalmina a hannu. Hular dai zan tambaya a kanta, in ta yiwu ni zan kawo tawa.

Sadiq Gangare:
To ga abin da na kwana ina yi. Masarautu shida na rufe su a durowa. Saura gari ɗaya, Ƙofar Hazo, zango na ƙarshe kafin a hau dutse. Sunan tsohuwar Iya Tabawa. A yaƙi na biyu ta rasa idon, ranar da Galadima na yanzu, yana saurayi, ya karya amanar da aka ƙulla da mutanen tudu. Ita ta yi tafinta a wajen rantsuwar, ita kaɗai ta rage cikin shaidu, shi ya sa dogarai ba sa taɓa ta kuma ba sa barin ta bar bakin ƙofa. Takobin Haruna na wanda aka kashe ranar ne. Ƙaho na goge. Ramin kuza na nan tafiyar yini ɗaya, Sarkin Maƙera ne ke tura mutane haƙa, bakwai sun tafi biyu sun dawo ba sa magana.

Sunan mutanen tudun ne ban sa ba. Gyang, na bar maka layin fari, in za ka zo ran Asabar.

Haruna Dilimi:
Tsaya, wato takobin da na saya wuri ɗari uku na mamaci ne? Wa ya sayar min ma?

Sadiq Gangare:
Sai Asabar.

Gyang Bukuru:
Zan zo, amma jarumina mahayin ƙaramin doki ne ba sirdi, kuma Iya Tabawa ƙanwar kakarsa ce, ka san yadda za ka yi da wannan. Bayan la'asar ko? In na shigo keke daga Terminus a ina zan ce a sauke ni?